Daga tafkin Matameye zuwa tekun Turai: Abin da ya kamata ka sani kafin ka fara nutso a ruwan sanyi

Duk wanda ya tashi a Matameye ya san yadda damina take. Da ruwa ya kankama tafkuna suka cika, sai yara su tuɓe su faɗa, a yi ta gasar wanda zai fi daɗewa a ƙasa kafin ya ɗago. A nan da yawa suka koyi iyo, ba malami ba makaranta, sai dai dukan da ke jiran mutum a gida idan ya koma da jajayen idanu.

Yaran nan sun girma. Wasu suna Damagaram ko Kano, wasu kuma neman abinci ko karatu ya kai su gaɓar teku, a Oran da Dakar da Marseille. A irin waɗannan birane akwai ƙungiyoyin masu nutso da tukunyar iska a baya, kuma ƙofarsu a buɗe take ga baƙo. Saurayin da ya ga bidiyonsu a TikTok zai iya cewa ai shi ɗan ruwa ne tun yana yaro. Gaskiya ne, amma ruwan da ya sani mai ɗumi ne, kuma bambancin yana iya cin rai.

A tsakiyar hunturu sanyin asuba a yankin Damagaram kan sauka ƙasa da digiri 15, mutane su yi ta jin wuta suna cewa sanyi ya yi yawa. Ruwan tekun Marseille a watan Fabrairu bai wuce digiri 13 ba, kusan daidai da wannan ke nan. Sai dai ruwa yana zuƙe zafin jiki fiye da iska da kusan ninki 25. Abin da bargo ɗaya ke magancewa a Matameye, a cikin teku yakan sandarar da yatsu cikin 'yan mintoci. Ko da bazara ba a sakankancewa a Marseille, domin idan iskar arewa da suke kira mistral ta kaɗa na 'yan kwanaki, takan kore ruwan sama mai ɗumi, na ƙasa mai sanyi ya taso. Haka abin yake a Dakar, inda ruwa ke yin sanyi a farkon shekara duk da cewa ana Afirka.

Minti na farko shi ne mafi haɗari. Idan jiki ya faɗa ruwan da bai kai digiri 15 ba, mutum yakan ja numfashi da ƙarfi ba da son ransa ba, ya hau haki, zuciya ta shiga bugawa da sauri. Idan kai yana cikin ruwa a wannan lokacin, ruwa zai shaƙa. Gwanintar iyo ba ta hana wannan. Shi ya sa ake koya wa sabon shiga ya shiga a hankali, ya jiƙa fuska, ya tsaya a sama har numfashinsa ya daidaita kafin ya sauka.

Kafin a kai ga ruwa ma, akwai likita. A Faransa ƙungiyar nutso ta ƙasa, FFESSM, wadda aka kafa a Marseille a 1948, tana neman takardar likita kafin ta ba mutum shaidar matakin farko. Makarantun da ke bin tsarin PADI kuma suna ba da takardar tambayoyi kan lafiya, wanda ya amsa da e a wasu wurare sai a tura shi wurin likita. Ana duba zuciya da huhu da kunne, ana tambayar asma da farfaɗiya da hawan jini.

A nan ne ɗan ƙasar Hausa ya kamata ya fi Bature kula, saboda sikila. Ciwon amosanin jini ya yi yawa a Nijar da Najeriya, har akwai cibiya ta musamman a Yamai domin masu fama da shi. Abubuwan da ke tayar da ciwon kuwa su ne sanyi da ƙarancin ruwa a jiki da wahala da ƙarancin iska a jini, wato dai duk abin da nutso a ruwan sanyi ke iya haɗawa a lokaci guda. Mai SS ba a yarda ya yi nutso da tukunya ba. Mai AS galibi ana barinsa, amma likita ne zai yanke, ba aboki ba. Matsalar ita ce samari da yawa ba su taɓa yin gwajin ba sai aure ya zo, kuma likitan da bai saba ganin 'yan Afirka ba yana iya mantawa ya tambaya. Kai za ka tayar da maganar. A ganina wanda ya ɓoye wannan don a sa masa hannu a takarda, kansa ya cuta tare da abokin nutsonsa da zai yi ƙoƙarin fito da shi.

Sauran sharuɗɗan ba su da wuya. A tsarin PADI za ka yi iyon mita 200 ba tsayawa, ka kuma zauna a saman ruwa minti 10 ba tare da ka riƙe komai ba. Sai karatu, sai atisaye a wurin wanka na gini, sai nutso huɗu a teku ko tafki tare da malami. Shaidar tana ba ka damar sauka zuwa mita 18. Matakin farko na Faransa yana kai mutum mita 20, amma sai da jagora.

Akwai ɗabi'a ɗaya da ɗan tafki zai yi fama kafin ya bar ta, ita ce riƙe numfashi. A gida da ita ake cin gasa, a nan kuwa ita ce babbar haramiya. Nauyin ruwa yana ƙaruwa yayin da kake sauka, a mita 10 ya ninka na sama sau biyu. Iskar da ka shaƙa daga tukunya a wannan zurfin za ta kumbura ninki biyu idan ka taso, in ka toshe ta a ƙirji tana iya yaga huhu. Don haka ana numfashi ne ba yankewa, ana tasowa a hankali, a ɗan dakata minti 3 a kusa da sama don iskar naitirojin da ta shiga jini ta fita. Af, tukunyar nan ba iskar asibiti ba ce a ciki kamar yadda mutane ke zato. Iskar da muke shaƙa ce aka matse, kuma mai jin sanyi yana cinye ta da sauri, sai ya riƙa duba agogonta.

Tufafi kuma ba kwalliya ba ce. A ruwa mai digiri 13 zuwa 18 ana sa rigar roba mai kaurin milimita 7, da hula da safar hannu da ta ƙafa. Idan sanyin ya kai ƙasa da digiri 10, kamar a Tekun Arewa da tafkunan Jamus da hunturu, akan koma busasshiyar riga wadda ruwa ba ya shiga, ita kuma tana da nata darasin daban. Na'urar shaƙar ma sai wadda aka yi don sanyi, domin ta gama-gari tana iya yin ƙanƙara ta buɗe, iska ta yi ta zuba. Riga mai kauri tana ɗaga mutum sama, sai a ƙara masa dalma a ƙugu. Kada ka yi gaggawar sayen kayan hannu a intanet, ƙungiyoyi suna ba da aro ko haya ga mai koyo. Kuma ba a nutso mutum ɗaya.

Masu tunanin sana'a su sani cewa wannan shaidar ta shaƙatawa ce kawai. Aikin walda ko gyaran jirgi a ƙarƙashin ruwa yana buƙatar wata takarda ta daban da horo mai tsawo.

Sai maganar lokaci. Ƙishirwa tana ƙara haɗarin ciwon da naitirojin ke kawowa, saboda haka ya fi dacewa a ɗaga darasi zuwa bayan azumi. Jirgin sama ma haka. Bayan nutso ɗaya ana jira aƙalla awa 12 kafin a tashi, bayan nutso da yawa kuma awa 18. Wanda ya yanki tikitin Yamai ko Kano don zuwa Sallah gida, kada ya sa nutson ban kwana a jajibirin tafiya.