Kalmar Da Ta Fuskanci Gabas

A ƙasashen Turai akwai wani tsere da ake yi a cikin daji, inda ake danƙa wa mutum taswira da kamfas, a ce ya nemo tutocin da aka kakkafa a tsakanin itatuwa da duwatsu ɗaya bayan ɗaya, ba ɗan jagora, ba mai nuna hanya, wanda duk ya fi saurin kammalawa shi ya ci. Da Ingilishi ana kiran wasan "orienteering", mai yinsa kuma "orienteer", lafazin da idan aka bi salsalarsa da tahƙiƙi za a iske asalinsa ya girmi wasan nesa ba kusa ba.

Tushensa shi ne "oriens" a harshen Latin, wato rana mai hudowa, kamar yadda Larabawa suka samo "mashriƙ" daga ɓullowar rana. Daga nan Faransawa suka ƙera fi'ilin "orienter", ma'anarsa a fuskantar da abu gabas, domin Nasara na dā sukan gina majami'unsu suna kallon gabas, masu zanen taswira kuma sau da yawa gabas suke ɗorawa a sama maimakon arewa. Sannu a hankali ma'anar ta faɗaɗa, har ta zama sanin inda mutum yake da inda ya dosa.

Mutanen Suwidin ne suka kai kalmar daji, da sigar "orientering", wadda sojojinsu suka fara amfani da ita a 1886 wajen koyon ratsa ƙasar da ba su sani ba. A 1897 kuma aka yi gasar farko ta farar hula a Norwe. Da sunan wasan ya shiga Ingilishi, sai aka gutsure wutsiyarsa aka raɗa wa ɗan wasan suna, bisa ƙiyasin "mountaineer", mai hawan duwatsu.

Wannan hikima ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, wanda idan ya sauka a baƙon gari, kafin ya shimfiɗa buzunsa sai ya tambayi mai masauki, "Malam, ina ne gabas?", yana nufin alƙibla, wanda kuwa ya ruɗe a al'amarinsa sai a ce bai san gabas ba. Haƙiƙa al'ummun nan, duk da nisan da ke tsakaninsu, sun yi ittifaƙi a kan abu guda: wanda ya gane mahudar rana ya gane hanya.