Warshu, Duri da Hafsu a Zaure Ɗaya

Yaron da ya tashi a ƙauyukan Hausawa na Jazira da gaɓar Nilul Azraƙ a Sudan kunnensa ya saba da ƙira'a uku. Warshu ya gada daga yamma, tun ayarin Muhammadu Bello Mai Wurno, wanda ya yo gabas bayan an kashe mahaifinsa, Sarkin Musulmi Attahiru, a Burmi a 1903, har ya kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Maƙwabta da dama Duri suke karantawa, wayar hannu kuwa Hafsu take sakowa. Ko a Fatiha akwai inda wannan ke jan wasali, wancan ya taƙaita.

Ran da yaron ya ce, "Malam, wane ne daidai?" ana iya sallamarsa da "Riƙe namu." Malamin da ya san aikinsa kuwa sai ya sa almajirai uku kowa ya biya allonsa, sauran su kasa kunne, su nuna inda aka rabu, su bi kowace ruwaya zuwa limaminta: Nafi'u, Abu Amru, Asimu. Da bakinsu za su faɗi cewa duk ukun sun inganta.

Wannan ce koyarwar da ake dangantawa da Jean Piaget da Lev Vygotsky: ɗalibi shi ke gina fahimtarsa a kan abin da ya riga ya sani, malami yana tallafa masa. Sudan ba baƙuwarta ba ce, domin cibiyar Bakhtur Ruda, da aka buɗe a 1934, ta horar da malamai kan sa yara aiki da hannu da tunani. Mu ma muna da madogara, tunda Shehu Usmanu, a littafinsa Najmul Ikhwan, ya hana tsanantawa a inda malamai suka saɓa. Hadda tana nan daram. Tambaya ce kawai za a daina yi wa tsawa.

Gyara daga sama an gwada shi. A Janairun 2021 aka dakatar da sabuwar manhaja saboda rigima kan wani zanen Michelangelo a littafin tarihi, daraktanta Umar Garrai ya ajiye aiki. A ganina zauren malam ya fi ofis saurin isa ga yaro.

Rikicin Yulin 2022 tsakanin Hausawa da ƙabilar Berta a Nilul Azraƙ, wanda ya ci rayuka sama da 100, kan ƙasa da sarauta aka yi shi, kuma darasin ƙira'a ba zai raba gona ba. Sai dai 'ya'yan ɓangarorin biyu alƙibla ɗaya suke kallo, kuma da yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya rufe makarantun gwamnati, halwa, wato makarantar allo, ce ta rage wa yara da yawa.