KUMBURIN ƁOYE DA CIWON SUKARI: GARGAƊI GA JAMA'AR DAMAGARAM

Yau a garin Zinder, daga Birni har Zango da Sabon Gari, da wuya a sami unguwar da ba a san ciwon sukari ba. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce masu wannan ciwo sun tashi daga miliyon 200 a shekarar 1990 zuwa miliyon 830 a 2022. Jama'a sukan ɗora laifin ga shayi da lemun kwalba kawai. To, masana sun gano wani abokin tafiyarsa wanda ido ba ya gani, shi ne kumburin ɓoye na cikin jiki.

Tuwo, fura, shinkafa, duk sukari suke komawa cikin jini. Bayan tumbi akwai wata gaɓa, likitoci na ce mata pankireyas, ita ke fitar da insulin, sinadarin da Banting da Best suka tatso a Toronto ta Kanada a 1921. Kamar yadda a da ganuwar Sarki Tanimun ta kewaye Birni, ba a shiga sai ta ƙofa, haka ƙwayoyin tsoka suke ga sukari. Insulin ne ke ƙwanƙwasawa a buɗe masa.

Kowa ya san kumburi. In ƙaya ta soke mutum, wurin ya yi zafi ya tashi, dakarun jini ne suka zo yaƙi, in sun gama su koma. Amma akwai wani kumburi marar zafi, mai ci shekara da shekaru kamar wutar ƙaiƙayi, babban gidansa kuwa kitsen ciki. In kitsen ya yi yawa, dakarun nan su tare cikinsa, su dinga zubo sinadarai irin su TNF da IL-6, waɗanda ke toshe kunnen tsoka da hanta. Insulin ya yi ta bugu, ƙofa ba ta buɗuwa sosai. Pankireyas ta ninka aiki har ta gaji. Daga nan sukari ya taru cikin jini, ya shiga ɓata ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa.

Tun a 1876 likita Ebstein na Jamus ya lura wani magani, ɗan'uwan asfirin, yana rage sukari cikin fitsari. A 1993 Hotamisligil da Spiegelman, a Boston ta Amurka, suka nuna kitsen ɓeraye masu ƙiba yana fitar da TNF, yana hana insulin aiki. A 2001 wani bincike kan mata a Amurka ya nuna waɗanda alamun kumburi suka yi yawa cikin jininsu sun fi kamuwa da ciwon daga baya.

Sai dai kada wani ya ruga wajen mai tallar ƙwayoyi. An gwada wata allurar kashe kumburi ga mutum fiye da 10.000 masu ciwon zuciya. A 2018 aka ba da sakamako: kumburi ya ragu, amma kamuwa da ciwon sukari bai ragu ba. Yawan shan magungunan ciwon jiki kuma yana cin ƙoda da tumbi.

Zaman gari ya sake. Tafiyar da kakanninmu ke yi da ƙafa, yau kabu-kabu ke yin ta. Ma'aikaci ya wuni kan kujera, dare ya yi ya zauna fada yana kurɓar shayi mai zaƙi. Shinkafa da taliya da burodi suna ture hatsi da wake. Ana kuma ɗaukar tumbi alamar wadata, alhali can wutar take ci. Taba da ciwon dasashi su ma suna hura ta. Mai ciwon sukari kuwa ya fi sauran mutane haɗarin tarin fuka kusan sau uku.

Akwai mafita. A 2002 bincike kan mutum fiye da 3.000 a Amurka ya nuna rage nauyi da motsa jiki sun rage kamuwa da kashi 58 cikin 100. Abin da aka nema gare su shi ne su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, wato wajen kilo biyar da rabi ga mai kilo 80, su kuma yi tafiya minti 150 a mako. Wake, kuɓewa, zogale da kayan lambun Mirya suna nan a kasuwar Dole.

Wanda ke jin yawan ƙishirwa da fitsari, ko rama ba dalili, ko gyambon da ya ƙi warkewa, ya tafi Babban Asibitin Ƙasa na Zinder ko likita mafi kusa a auna jininsa, ko da siriri ne. In an auna kafin karin kumallo aka sami giram 1,26 cikin lita ko fiye, har sau biyu, to ciwon ne.

Muna kira ga hukumomi da sarakuna da malamai su riƙa tunatar da jama'a, musamman ran 14 ga Nuwamba, ranar ciwon sukari ta duniya. Ku kuma da kuka yi yaƙi da jahilci, ku karanta wa waɗanda ba su iya ba. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.