Tafarnuwa da Albasa: Shukar da Ke Jiran Sanyi a Birtaniya

A ƙarshen watan Oktoba, sa'ad da aka mai da agogo baya da sa'a guda a Birtaniya, rana kuma ta soma faɗuwa tun kafin ƙarfe 5 na yamma, akasarin masu lambu sun riga sun haƙe dankalinsu, sun jingine kayan aiki. To amma a daidai wannan lokaci ne masu noman tafarnuwa ke fita shuka. Wanda ya yi jinkiri har gari ya yi ɗumi a watan Afrilu, sau da yawa idan ya zo tono sai ya tarar da ɗan curi guda wanda bai rabu ƙwaya-ƙwaya ba, watau wahalar shekara ta tafi a banza.

Dalili kuwa shi ne, tafarnuwa tana bukatar ta sha sanyi na wata ɗaya zuwa biyu, a ma'aunin da bai wuce digiri 10 ba, kafin kanta ya tsattsage ya yi 'ya'ya. Saboda haka ake binne ta tsakanin Oktoba da Disamba, ta kafa saiwa kafin ƙasa ta daskare, ta kwana cikin hunturu, sa'an nan ta zabura idan rana ta fara tsawo. Wannan ba baƙon abu ba ne ga manomin Wurno ko Goronyo a jihar Sakkwato, domin shi ma sai iskar hunturu ta fara kaɗawa yake shukarsa a fadama. Bambancin dai shi ne, ta can gida an saba da ita a kan ɗan sanyi kaɗan, tana kuma nuna cikin wata huɗu ko makamancin haka, ta Birtaniya kuwa sai ta yi wata takwas ko tara a ƙasa.

Yawancin mazauna birane, har da baƙi 'yan Afirka da Asiya, suna wannan noma ne a filayen haya da ƙananan hukumomi ke bayarwa. Wata doka ta 1908 ce ta ɗora wa hukumomin nauyin samar da su, kuma cikakken fili yakan kai murabba'in mita 250. A manyan birane mutum kan yi shekaru cikin layi kafin ya samu, don haka wanda ya samu ba ya son ya ɓata ko taku ɗaya.

Hanyar shukar ba ta da wuya. Akan zaɓi wuri mai samun rana, a gyara ƙasa da ruɓaɓɓen taki, ba ɗanye ba. Sai ranar shuka ake ɓare kan tafarnuwa, a ware manyan ƙwayoyi, ƙananan kuwa a kai madafa. Kowace ƙwaya ana dasa ta da ɓawonta, gindi ƙasa, tsini sama, a rufe tsinin da ƙasa kimanin santimita 2 da rabi. Tsakanin ƙwaya da ƙwaya santimita 15, tsakanin layi da layi kuwa 30. A arewacin Amurka da Kanada, inda ƙasa ke daskarewa ƙwarai, sukan ƙara zurfi, su kuma lulluɓe wurin da busasshiyar ciyawa.

Sanyi ba ya kashe tafarnuwa, ruwa mai kwanciya shi ke ruɓar da ita. Ƙasar London da kewayenta laka ce mai riƙe ruwa, shi ya sa masu lambu ke tada kunya su shuka a bisa, ko kuwa su fara rainon ƙwayoyin cikin ƙananan tukwane, su dasa idan ruwa ya tsane. Ana tono a watan Yuni ko Yuli, da zarar ganye ya fara ɗorawa, a shanya a inuwa mai iska har mako biyu ko fiye.

Tafarnuwar kashi biyu ce. Akwai mai taurin wuya, wadda ke fid da kara, ta fi jure sanyi, amma ba ta daɗewa a ajiye. Akwai kuma mai laushin wuya, wadda ake kitsawa a rataye, tana iya kaiwa har wata shekara ta kama, kamar irin da ake kira Solent Wight, daga tsibirin Wight da ke kudancin Ingila, wanda ya yi suna wajen wannan noma.

Ban da tafarnuwa, akwai wasu albasu da ake dasawa da kaka waɗanda ba kasafai ake ganinsu a kanti ba. Wadda ta fi ban mamaki ita ce albasa mai tafiya, wadda Turawa ke jingina wa Masar. Maimakon fure, sai ta yi 'yan ƙananan albasu a kan karanta. Idan sun yi nauyi karan ya sunkuya har ƙasa, su kafa saiwa a can, ta haka take matsawa kowace shekara. Akwai albasa mai haihuwa, wadda idan aka binne guda sai a tono gungu, kamar dankali, mai ita kuma ba ya sake sayen iri. 'Yar'uwarta ita ce ƙaramar albasar nan ta shalot, wadda mazauna Ghana suka sani daga Anloga a yankin Volta. Tsofaffin manoman Ingila sukan ce a dasa ta ranar da ta fi kowace gajarta, watau wajen 21 ga Disamba, a tono ranar da ta fi kowace tsawo a watan Yuni. Sai kuma irin Japan mai kwana cikin hunturu, kamar Senshyu, wadda ake dasa 'ya'yanta a Satumba ko Oktoba, ta riga sauran albasa nuna da makonni, sai dai ba ta jure ajiya. Duk waɗannan ba a nutsa su: akan bar ɗan tsininsu a waje, a rufe da raga don kada tsuntsaye su tsige su.

Wani Bahaushen kan yi marmarin shuka albasar gida a nan, musamman jar nan ta Galmi da ke jihar Tawa a Nijar, ko ta Aliero a jihar Kebbi. Matsalar ita ce, albasa da tsawon yini take auna lokacin yin kai. Ta Galmi tana fara kai idan yini ya kai kimanin sa'a 12, alhali a London yinin watan Yuni ya haura sa'a 16. Idan aka shuka ta a bazarar Turai sai ta yi gaggawar yin kai tun ba ta tara lawashi ba, ta tsaya 'yar mitsitsiya. Bugu da ƙari, doka ba ta yarda a shigo da irin dashe daga waje ba sai da takardar shaidar lafiyar tsiro.

Dokar tana da dalili. Akwai wata cutar farin ruɓa da ke kama saiwar albasa da tafarnuwa, idan kuwa ta shiga fili tana iya kwanciya cikin ƙasa shekara 15 ko fiye. Shi ya sa masana ke hana shuka tafarnuwar da aka sayo don miya, suna cewa a nemi iri mai shaida, kada kuma a maimaita wuri ɗaya sai bayan shekara uku ko huɗu. Sa'an nan ga wani ƙaramin ƙuda da aka fara gani a Birtaniya a 2002, wanda tsutsarsa ke huda ganye da kai. Yana yawo ne da kaka da kuma watannin Maris da Afrilu, maganinsa shi ne raga mai ƙananan idanu.

Mai haƙuri, in ji masu iya magana, yakan dafa dutse. Kan tafarnuwa guda mai ƙwaya 10, idan aka binne shi a watan Nuwamba, aka tsare shi daga ruwa da ciyawa, kawuna 10 zai bayar a watan Yuli, daga ciki kuma a ware mafi girma don shukar baɗi.