Gwajin Suga a Nguru da Gashuwa: Lamba Ɗaya Ba Ta Isa Shaida Ba

Mutumin Gashuwa ko Nguru ba sai an yi masa dogon bayani kan ciwon ƙoda ba. Shekaru ke nan ana ɗaukar majinyata daga Bade da Jakusko da Nguru da ƙauyukan bakin kogin Yobe zuwa Damaturu ko Maiduguri ko Kano domin wankin ƙoda, har gwamnatin jiha ta mayar da wankin kyauta a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Yobe. Masana, ciki har da na cibiyar BioRTC da ke jami'ar a Damaturu, suna nan suna bin diddigin abin da ke haddasa cutar, ana duba ruwan sha da maganin feshi da abincin da ake ci. Da yawa daga waɗanda ƙodarsu ta lalace a yankin ba su taɓa yin ciwon suga ba. Sai dai a duniya baki ɗaya, ciwon suga ne kan gaba wajen kashe ƙoda. Ke nan mai ciwon suga a arewacin Yobe haɗarinsa ninki ne. Na ruwa da ƙasa sai abin da bincike ya gano. Na suga kuwa yana iya sa masa ido da kansa, a ɗakinsa, da na'urar da ba ta kai tafin hannu ba.

Na'urar ta yawaita, amma yadda ake amfani da ita ne abin dubawa. Mutum zai ji jikinsa babu daɗi, ya biya kemis, a soki yatsa, lamba ta fito 118. Mai kemis ya ce, "Alhaji, suganka lafiya lau." Alhaji ya yi hamdala ya tafi, ba zai sake gwadawa ba sai an kwana biyu. Babu wanda ya tambaye shi yaushe rabonsa da abinci, ko ya sha magani da safen, ko daga gona ya dawo. Wannan 118 labarin minti ɗaya ce cikin yini guda. Wataƙila awa biyu bayan tuwon dare da ya gabata tana 260, kuma irin wannan hawan da babu wanda ya gani shi ne yake cin ƙananan jijiyoyin jini na ƙoda da na ido a hankali, ba ciwo ba zazzaɓi. Wanda yake saye da ajiyar gero ba ya yanke hukunci da farashin kasuwa ɗaya. Sai ya bi kasuwa bayan kasuwa ya ga inda farashin ya dosa. Haka suga yake.

Kafin a zo ga bibiya, sai an fahimci lambobin. Na'urori iri biyu ne a kasuwa: wata tana auna da mg/dL, wata da mmol/L, kuma bambancinsu ninki 18 ne. Wato 126 a ta farko daidai yake da 7.0 a ta biyu. Wannan abu ne mai haɗari. Wanda ya saba jin 100 da 200, idan ya ga 15 a na'urar ɗan'uwansa sai ya zaci sugansa ya faɗi ƙasa, ya nemi lemun kwalba, alhali 15 ɗin nan 270 ce. A duba ƙananan haruffan da ke gefen lambar. Ga yawancin manya masu ciwon, abin da likitoci suke nema, a ma'aunin mg/dL, shi ne 80 zuwa 130 kafin cin abinci, da ƙasa da 180 awa biyu bayan fara ci. Ƙasa da 70 faɗuwa ce. Idan na'ura ta nuna HI, sugan ya wuce abin da take iya ƙirgawa, wanda a yawancinsu 500 ne ko 600, kuma wannan maganar asibiti ce nan take. Mai ciki da tsoho tukuf da ƙaramin yaro, kowannensu likita ne zai tsara masa nasa ma'aunin.

Sai littafi. Ni a ganina littafin rubutu na 'yan firamare ya fi na'urar kanta muhimmanci, domin na'ura mai tsada ba tare da rubutu ba asarar sitirip ce kawai, wato ɗan tsinken gwajin da ake ɗiga wa jini. A ja layi a rubuta rana, lokaci, lamba, abin da aka ci, maganin da aka sha, sai wani abu idan ya faru: zazzaɓi, tafiya, ɓacin rai, aikin gona. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, ko ya sa ɗansa ɗan makaranta.

Za a ce sitirip da tsada, kuma gaskiya ne. Amma ba sai an gwada sau bakwai a yini ba. Mai shan ƙwaya kawai yana iya juya lokutan: yau da asuba kafin ya sa komai a baki, gobe kafin abincin rana da awa biyu bayansa, jibi kafin tuwon dare da bayansa. Cikin mako biyu an zagaye yinin gaba ɗaya da sitirip kaɗan. Mai allurar insulin shi ne yake buƙatar gwaji kullum, wani lokaci sau da yawa.

A ce wata baiwar Allah ta yi haka. Lambobinta na asuba suna tsakanin 105 da 125. Ranar da ta karya da koko mai suga da burodi, awa biyu bayan nan ta ga 245. Ranar da ta ci ƙosai da koko marar suga, 170. Daren da ta ci shinkafa cike da faranti, 230. Daren da ta rage tuwon dawa ta yawaita miyar kuka da kifi, 165. Ba ta buƙatar kowa ya yi mata lacca kan abinci, shafin ya riga ya faɗa. Kuma da ta tsaya ga gwajin asuba kaɗai, da ta yi shekara tana ganin ta warke. Wani kuma akasin haka zai gani: ya kwanta da 140, ya tashi da 190 bai ci komai ba. Hanta ce take sakin suga gab da asuba, kuma maganin wannan ba ƙin cin abincin dare ba ne, gyaran magani ne a hannun likita. Jiki ya bambanta. Furar da ta ɗaga maƙwabcinka sama ba lallai ta yi maka haka ba, musamman idan shi yana zuba mata suga kai kuma da nono zalla kake damawa.

Akwai wani salo da nake so mutanen Bade da Nguru su riƙe da kyau, domin yana zuwa da kamar albishir. Mutum ya shekara da shekaru sugansa yana sama, kwatsam sai lambobi su fara sauka da kansu, bai canza abinci ba, bai ƙara magani ba. Har ya fara ganin 65, 60, yana gumi da rawar jiki kafin azahar. 'Yan'uwa su ce an dace, sassaƙen da aka jiƙa masa ya yi aiki. Sau da yawa ba waraka ba ce. Ƙoda tana cikin masu fitar da insulin da wasu magungunan suga daga jiki. Idan ta yi rauni, maganin sai ya daɗe a jini yana ta aiki. Glibenclamide, wanda aka fi sani da Daonil, ya yi ƙaurin suna a wannan, kuma metformin ma ana rage shi ko a dakatar idan aikin ƙoda ya yi ƙasa sosai. Wanda ya ga haka a littafinsa, ballantana idan akwai kumburin ƙafa ko kumfa a fitsari ko rashin son abinci, ya nufi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru ko babban asibitin Gashuwa a auna masa ƙoda. Wannan saukar ba a gane ta da gwaji ɗaya. Sai wanda yake da lambobin watannin baya zai lura cewa wani abu ya sauya.

Idan suga ya faɗi ƙasa da 70 kuma mutum yana cikin hayyacinsa, a ba shi babban cokali ɗaya na suga a ruwa, ko rabin kwalbar lemo, a sake gwadawa bayan minti 15, sannan ya ci abinci. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai, asibiti za a kai shi. A kuma tuna cewa zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da allurar kwinin suna iya kayar da suga, abin lura a ƙasar fadama irin ta Hadeja zuwa Nguru.

Na'urar ma tana ƙarya idan ba a kula da ita ba. Yawancin kamfanoni suna rubuta a jikin kwali cewa a ajiye sitirip ƙasa da digiri 30, ga shi a Afrilu da Mayu zafin Nguru yana haura 40. Sitirip ɗin da ya wuni a aljihun mota ko a shago mai rufin kwano ba abin yarda ba ne. A ajiye shi a wuri mafi sanyi a ɗaki, cikin robarsa, a rufe murfin da zarar an zaro ɗaya, domin danshi ma yana ɓata shi, a kuma duba ranar da zai daina aiki. Kafin a sayi na'ura, a tabbatar ana samun sitirip ɗinta a garin, saboda na wani kamfani ba ya shiga na wani. A wanke hannu da sabulu a bushe shi. Yatsan da ya taɓa dabino ko mangwaro zai ba da lambar da za ta tayar da hankalin gida. A soki gefen yatsa, ba tsakiya ba, ya fi sauƙin zafi. Lokacin hunturu a ɗumama hannun tukuna, maimakon a yi ta matsa shi. Allurar sukar kuma ta mutum ɗaya ce: ciwon hanta yana bi ta nan, don haka a kemis a tabbatar an buɗe sabuwa a gaban ido. Ko na'ura mai kyau an yarda ta kauce da kusan kashi 15 cikin 100, saboda haka 150 da 162 a jere ba abin jayayya ba ne.

Yanzu akwai wata ƙaramar na'ura da ake mannawa a bayan damtse, irin su FreeStyle Libre, wadda take auna suga dare da rana har kwana 14, a duba a waya. Tana nuna abin da yatsa ba ya iya nunawa, musamman faɗuwar tsakar dare, kuma da ita ake lissafa cewa ya kamata mutum ya shafe fiye da kashi 70 cikin 100 na lokacinsa tsakanin 70 da 180. Kuɗinta ya fi ƙarfin yawancin mutane, kuma tana bin bayan jini da 'yan mintoci, don haka idan lambar ta saɓa da yadda jiki yake ji, a koma ga yatsa. Mai hali zai iya manna ta sau ɗaya ya karanci jikinsa, ya ci gaba da littafi. Amma agogon hannu da zoben da ake tallatawa a Facebook da TikTok wai suna auna suga ba tare da suka ba, a bar su. A Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a kada su dogara da su, ta ce ba ta amince da ko ɗaya ba.

Watan azumi shi ne lokacin da aka fi buƙatar gwaji, kuma shi ne lokacin da aka fi barinsa, saboda tsoron kada ɗigon jini ya karya azumi. Jagorar da Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta fitar tare da ƙawancen masana kan suga da Ramadan, wadda aka sabunta a 2021, ta bayyana cewa sukar yatsa ba ta karya azumi, kuma wanda sugansa ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300 ya sha ruwa. A gwada da hantsi, da la'asar, da kuma awa biyu bayan buɗa baki, lokacin da kunu da dabino da lemo suke haɗuwa a ciki ɗaya. Mai ciwon suga da ƙodarsa ta riga ta taɓu ya ga likita tun Sha'aban, domin ƙishirwar azumin bazara a wannan yanki ba ƙaramin nauyi ba ce ga ƙoda.

Ranar ganin likita a tafi da littafin da na'urar da kwalayen magani duka, har da na gargajiya. A nemi gwajin HbA1c, wanda yake nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku, ga yawancin mutane ana son ya kasance ƙasa da kashi 7. Mai sikila ko ƙarancin jini ko ciwon ƙoda ya faɗa wa likita, domin gwajin yana iya ruɗarwa a wurinsu, kuma a nan littafin ne madogara. Aƙalla sau ɗaya a shekara a auna furotin a fitsari da kiriyatinin a jini, ko da babu abin da yake ciwo. Hawan jini kuwa a duba shi duk zuwa, a rubuta shi a shafi ɗaya da sugan.