Kalmomin Hani a Ingilishi da Yadda Za a Fassara Su da Hausa

Mai fassara littattafan yaƙi da jahilci daga Ingilishi yakan tarar da aikatau da dama waɗanda a farkon dubawa duk “hana” suke nufi. Amma kowanne da irin haninsa, kuma asalin kalmar yakan nuna mana kalmar Hausa da ta dace da shi.

Kalmomin nan kashi biyu ne. Akwai na gado, kamar “forbid”, “hinder” da “withhold”. Akwai kuma na aro daga Faransanci da Latinanci, waɗanda suka yawaita bayan da Normandawa suka ci Ingila a 1066, kamar “prevent”, “restrain”, “prohibit”, “impede” da “deter”.

1. Hani da baki ko da doka. “Forbid” hani ne na mai iko: uba ya hana ɗansa fita. “Prohibit” na hukuma ne. A nan “haramta” tana iya shiga, sai dai a kula, domin kunnen Bahaushe yakan ji hukuncin addini a cikinta. Idan dokar gwamnati ce, “doka ta hana” ya fi dacewa.

2. Tare abu kafin ya faru. Asalin “prevent” a Latinanci shi ne riga zuwa. Wannan “riga” ɗin ce muke ji a “rigakafi”, saboda haka a littafin kiwon lafiya rigakafin ƙyanda za a ce. Manazarcin da ya yi karatu da Faransanci ya yi hattara: “prévenir” tushensu ɗaya, amma sau da yawa sanarwa ko gargaɗi take nufi, ma'anar da “prevent” ba ta da ita.

3. Rage gudu ba tare da tsayarwa ba. “Impede” daga ɗaure ƙafa ta samo asali, wato dabaibayi. Jakin da aka dabaibaye yana tafiya, amma da ƙyar. Haka ma “hinder”: kawo cikas ne. Wanda ya fassara su da “hana” ya tsayar da abin da marubucin ya ce yana tafiya.

4. Riƙewa da ƙarfi. “Restrain” ɗaurewa ce ko kamewa, ko a riƙe mai faɗa, ko mutum ya danne fushinsa. “Curb” kuwa daga kayan doki ta fito, kuma ja linzami ya ishe ta fassara.

5. Hani ta hanyar tsoro. A “deter” ba a taɓa mutum ba, tsoron sakamako ne ya sa shi ja da baya.

Ashe Hausa ba ta rasa kalmomi ba. Saurin kama “hana” ne ke tauye ma'ana. Ya kamata masu tsara ƙamus na sabbin makaranta su jera kowace kalma da jimlar misali, domin manomin da ya karanta “an hana” inda ake nufin “a rage” zai bar aikin da ba a hana shi ba.