Bayanin Biyan Harajin Riba ta Waya da Kwamfuta

Ga bayani a kan harajin mutumin da ke cin gashin kansa, ba ya karɓar albashi a hannun kowa.

Ku sani, ma'aikaci tun daga ofis ake yanke masa haraji kafin albashi ya iso hannunsa. Amma mai sayar da hatsi da dillali, su ne za su kai lissafinsu da kansu ga hukumar tara haraji ta jihar da suke zaune, kafin ƙarshen watan Maris, a kan cinikin shekarar da ta wuce. Yanzu jihohi irin su Legas sun buɗe shafi a intanet. Mutum zai yi rajista da lambarsa ta haraji, ya cika, manhajar ta buga masa abin da zai biya, ya biya ta banki, ya riƙe rasit.

To, abin lura shi ne, haraji a kan riba yake, ba a kan ciniki ba. Sabuwar dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a 2025, ta fara aiki 1 ga Janairu 2026, ta ce Naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu. Miliyan 2 da dubu 200 da ke biye, kashi 15 cikin ɗari. Miliyan 9 na gaba, kashi 18. Haka yake hawa har kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50.

Ga misali. A ce mutum ya sayar da masara da dawa na miliyan 20 a Dawanau. Ya saro su miliyan 16. Kuɗin mota, dako, buhu, hayar sito da maganin ƙwari sun ci miliyan ɗaya da rabi. Ribarsa miliyan biyu da rabi ke nan. A cire 800,000, saura 1,700,000. Kashi 15 ɗinsu ya kama 255,000. In kuwa bai rubuta kuɗin saro da na ɗawainiya ba, na'ura ba ta san gaibu ba. Abin da ka zuba mata shi za ta auna, sai ta ɗora maka harajin kuɗin da ba ka ci ba.

Ku kuma dillalai, kuɗin mai kaya da ke bi ta asusunku ba naku ba ne, la'ada ce taku. Ku rubuta sunan mai kaya, yawan buhu, farashi da la'ada, rana-rana. Ya fi kyau asusun kasuwa daban, na cefanen gida daban. Hatsin da ya kwana a sito ƙarshen shekara shi ma a ƙidaya shi, don ba a sayar ba tukuna.

Wanda bai iya latsa waya ba, ya sa ɗansa ko akawu ya cika a gabansa, a karanta masa kafin a tura, kada ya ba kowa lambar sirrinsa. Dokar ta sa tarar Naira 100,000 a watan farko ga wanda bai kai lissafi ba, da 50,000 kowane wata bayansa. Ba a fafe gora ranar tafiya, a fara rubutu tun kaka.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka. Wassalam.